Jibo da Saniyar da Aka Raba Sau Shida

Duk wanda ya ci kasuwar Olelewa a shekarun nan ya san Jibo, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, kullum sanda a gicciye a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta irin na makiyaya, alhali manomi ne ɗan manomi, haifaffen Damargu. Ubansa gona ya bar masa da rumbu biyu, amma shi zuciyarsa tana wajen shanu. Matarsa Lantana takan ce da shanu sun iya tuƙa tuwo, da Jibo bai yi aure ba. Shi kuwa ba ya musu, sai dai ya yi dariya ya wuce garke.

Siyasa ba ta taɓa hana shi barci ba. Sau ɗaya ya ɗauke ta da gaske, a shekarar saba'in, da aka yi shelar zaɓen shugaban ƙasa. Ya sa Lantana ta wanke masa riga, ya tafi da sassafe ya shiga layi. Da ya iso gaban tebur aka miƙa masa takarda guda ɗaya, aka nuna masa akwati. Ya juya takardar, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ce, "To ina ta ɗayan?"

"Wane ɗayan?" in ji mai tebur.

"Ɗayan mutumin mana. Ai ko akuya zan saya sai an nuna mini biyu."

Mai tebur ya ce shugaban ƙasa ba akuya ba ne, ya saka ya ba mutane wuri. Jibo ya saka, ya dawo gida yana jin haushin sabulun da aka ɓata.

Wannan mai tebur shi ne Yahaya, wanda ake ce wa Sakatare. Shekara uku ya yi a lakwal, wato makarantar boko, aka koro shi, amma alƙalami uku yake sakawa a aljihun gaba. Lokacin farar hula shi ne bakin jam'iyya a ƙauyen. Ranar da soja suka karɓi mulki, kafin la'asar ya ninke rigar jam'iyya ya tura ƙarƙashin gado, da gari ya waye shi ne jagoran samariya, ƙungiyar matasan da soja suka kafa. Kai, mutumin nan! Duk juyin da mulki ya yi, ba a taɓa ganin Yahaya ya tashi daga kujerar gaba ba, hula kawai yake sakewa.

Fari ya zo wa Jibo sau biyu. Na farko, a saba'in da uku, ya same shi da shanu goma sha huɗu ya bar masa uku. Ya daure, ya yi ta lallaɓa su har suka kai tara. Na biyu, a tamanin da huɗu, bai bar masa ko kofato ba. Ta ƙarshen da hannunsa ya yanka ta tana kwance, naman ma ba ya ciyuwa. Ranar nan Jibo ya yi kuka a bayan rumbu, kukan gaske, da majina. Bayan kowane fari kuma sai Yahaya ya riƙa zuwa da littafi yana rubuta sunayen waɗanda za a ba shanun taimako. An rubuta Jibo sau huɗu, har ya san shafin da sunansa yake, amma ko igiya bai gani ba.

Wanda ya zo da saniya ta gaske shi ne Hamidu, wani Bafillace na wajen Tenhiya. Shekara ashirin yana sauka da garkensa a gonar Jibo da rani, shanu su ci kara su bar taki, matansu su yi musayar nono da gero. A farin na biyu Hamidu ya gudu kudu da shanu ɗari, ya dawo da goma sha ɗaya. Cikin sha ɗayan nan ya ware karsana ja, mai guntuwar wutsiya, don kura ta taɓa kai mata cafka tana maraƙa. Ya kawo ta ƙofar Jibo ya ɗaure, ya ce, "Aboki, habbanaye ce. Haihuwa biyu."

Habbanaye aro ne irin na makiyaya. Za a ba ka saniya ka riƙe, ka sha nononta, 'ya'yan da ta haifa naka ne, in an cika haihuwar da aka ambata ka mayar da uwar ga mai ita da ƙafarka. Babu takarda, babu shaida, babu alƙali. Amma wanda ya sayar da saniyar habbanaye, ko ya yi sakaci ta salwanta, to ya gama yawo a Damargu: in ya zo rijiya za a kau da kai, in ya yi sallama za a amsa da hanci, har 'ya'yansa a riƙa nuna su. Jibo ya san haka sarai. Ya sa mata suna Guntuwa, kuma daga ranar ya fi kula da cikinta a kan nasa.

Guntuwa ta haifi namiji, yunwa ta sa aka sayar da shi aka sayi hatsi. Ta sake haihuwa, wannan karon mace, ja kamar uwarta. Lantana ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu. Wannan 'yar karsana ita ce dukiyar Jibo duka duka, ita ce farkon sabon garke in Allah ya yarda. Zuwa kakar tamanin da tara an yaye ta, Guntuwa kuma ta sake ɗaukar ciki, wanda bisa al'ada na Hamidu ne. Jibo ya aika masa cewa da an gama sussuka zai kawo amana.

To fa, a kakar nan ne aka ce za a sake zaɓen shugaban ƙasa, bayan kusan shekara ashirin. An yi sabuwar jam'iyya, an buga sabon zane, ɗan takara dai ɗaya ne kamar na da. Sakataren sabuwar jam'iyya a yankin? Haba, sai an faɗa? Yahaya ne, ya ƙara ƙiba, alƙalamansa sun zama huɗu.

Wata safiya ya shigo gidan Jibo da gardi biyu, dogaran gwamnati. Ya ce wani babban baƙo zai zo daga birni ya zaga ƙauyuka shida yana neman ƙuri'a, kuma a kowane ƙauye zai raba shanun taimakon da aka daɗe ana alkawari.

Jibo ya ce, "Alhamdulillahi! Sun iso ke nan?"

Yahaya ya sosa ƙeya. Shanun dai suna hanya, in ji shi, shekara biyar ke nan suna hanya, amma baƙo ba zai tsaya jiransu ba. Saboda haka za a ari shanu ashirin a nan kusa, a nuna wa baƙo, in an gama kowa ya ɗauki nasa. Gidan Jibo zai ba da biyu.

"Ranka ya daɗe, babbar ba tawa ba ce. Amana ce."

"Ita gwamnati ba ta san amana ba ce? Kwana goma sha biyu ne kawai."

Gardi ɗaya ya riga ya kwance igiya. Jibo ya ga gardama ba ta da amfani, ya ce to shi ma sai dai a tafi da shi, inda Guntuwa ta sa ƙafa nan zai sa tasa. Yahaya ya ji daɗi, dama yana neman wanda zai kora su kyauta. Lantana ta ɗaura masa gari da 'yar ƙwarya, ta shafa 'yar karsanar, ta ce, "Malam, ka dawo mini da 'yata."

Ga yadda aikin yake. Jibo zai kora shanu su isa ƙauye tun kafin baƙo. A tara su a fili, a ɗaura wa kowace jan ƙyalle a ƙaho. Yahaya ya jera mutum ashirin, 'yan uwansa da surukansa da masu ba shi bashin goro, a koya musu yadda ake sunkuyar da kai. Motoci su zo, makaɗa su buga, baƙo ya hau tebur ya yi jawabi da Faransanci, tafinta ya mayar, a tafa. Sai baƙo ya kama igiyar saniya ɗaya da hannunsa ya miƙa, mai hoto ya ɗauka, sauran shanun kuma gardi su raba. Da motoci sun ɓace, kowa ya mayar da igiya, a kwance jan ƙyalle a ninke, Jibo ya kora shanu zuwa ƙauye na gaba. Shi baƙo yakan koma gari ya huta kwana biyu, don rabon shanu aiki ne mai gajiyarwa.

Abin da Yahaya ya manta, ko bai damu ba, shi ne a Damargu saniya ba ta ɓuya. Mutanen nan daga nesa za su gaya maka saniyar wane ce, wace ce uwarta, a wace rijiya take sha. Tun a ƙauye na biyu tsofaffi suka fara taɓa juna da gwiwar hannu. A na uku wani ya ɗaga murya, "Sannu da zuwa, Guntuwa, ya hanya?" Mata suka rufe baki da mayafi. Ba wanda ya tona, don ga gardi da bulala, kuma gaskiya mutane sun daɗe ba su ga abin dariya kyauta ba. Suka riƙa tafi har hannu ya yi zafi, baƙo kuwa ya ce bai taɓa ganin jama'a masu son gwamnati irin na Damargu ba.

Shi baƙon, Allah sarki, saniya duk saniya ce a wurinsa. Kuma kullum Guntuwa yake kamawa, don ita ce mai sanyin hali, ba ta kai ƙaho. Zuwa ƙauye na huɗu ta gane aikin: da ganga ta yi shiru sai ta fito da kanta ta tsaya gefen tebur. Sau biyar ya ba da ita, sau biyar yana shafa mata wuya yana cewa wannan irin na musamman ne da aka zaɓo daga waje. Jibo na tsaye a baya yana cizon leɓe. Dariyar mutane ba ta shige shi ba, don shi yana ganin abin da ba su duba ba: haƙarƙarinta ya fara fitowa, ƙafar baya tana ɗingishi, ga ciki. Duk inda aka sauka sai ya bi gonaki yana roƙon harawa, ya ba ta garinsa ma in ya rasa.

Ƙauye na shida yana can wajen Belbeji. A nan abin ya ɓaci. Wanda Yahaya ya sa a gaban layi ƙanen matarsa ne, mahauci, wuya kamar turmi. Baƙo ya kama igiyar Guntuwa, ya dubi mutumin, ya dubi mai hoto, ya ce a'a, wannan bai yi kama da wanda fari ya taɓa ba, hoton ba zai yi kyau ba. Ya waiga cikin taro. Can gefe ga wata tsohuwa Buzuwa a tsugune, baƙin zanenta ya koɗe, ta zo sayar da tabarmin kaba ne ta tsaya kallo. Ya nuna ta. Yahaya ya yi tari, ya yi ƙifce, ya matso zai yi raɗa, ina! Baƙo ya riga ya sa an taso da ita, ya danƙa mata igiya, an ɗauki hoto.

Sunanta Raishatu. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba wanda ya koya mata. Ta dai riƙe igiyar da hannu biyu tana duban saniyar, ba ta ko kalli baƙon ba.

Motoci suka tafi. Yahaya ya tattara jan ƙyallensa, ya ce aiki ya ƙare, kowa ya kama dabbarsa. Jibo ya tare shi ya ce, "Sakatare, tsohuwar nan fa? Wa zai gaya mata?"

"Saniyar wa ce?"

"A hannuna take."

"To ka ji." Ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya bar shi nan.

Jibo ya ja 'yar karsanarsa ya bi sawun tsohuwa. Bai yi nisa ba ya same ta a gindin wata aduwa. Ta buɗe bakin Guntuwa tana duba haƙora, ta ɗaga ƙafar mai ɗingishi ta cire ƙaya, ta kara kunne a ciki, tana yi mata magana a hankali da harshensu. Da gani ka san hannun nan ya san shanu. Ya yi sallama, ta amsa da Hausar kasuwa, ta ce ta gane shi, shi ne mai korar shanun gwamnati.

"Ka gaya musu sun wahalar da ita," in ji ta. "Amma ba komai, zan gyara ta. Ciki gare ta, kafin bazara za mu sha nono." Ta ce da shanu arba'in gare su, farin nan ya cinye, ya haɗa da mijinta da ɗanta. Yanzu marayu biyu ne a bukkarta, shekara biyar ba su ga farin nono a ƙwarya ba.

Jibo ya tsaya. Ya yi niyyar ya ce mata, Inna, duk abin nan wasa ne, ba ni igiyata. Sai ya fasa. Ya tuna Hamidu yana ɗaure karsana a ƙofarsa, mutum mai sha ɗaya ya ba da ɗaya. Guntuwa dai dole ta koma Tenhiya, ko sama za ta faɗo. Amma ya zare igiya daga hannun nan ya bar shi wayam, wallahi ya ji ba zai iya ba. Ya dubi 'yar karsanarsa. Ya ji haushin kansa tun kafin ya buɗe baki.

"Inna, an yi kuskure. Wannan babbar tana da inda za ta. Ga taki nan, an ce in canza miki."

Raishatu ta miƙe. Ta zagaya 'yar karsanar, ta taɓa hantsa, ta buɗe baki ta ga haƙoran yarinta. Sai ta juyo kansa.

"Canji? Wannan ai sai ta shekara biyu kafin ta haihu! Me zan ba yara kafin nan, hoto?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Irin kirki ce, uwarta..."

"Rufe mini baki! Ku dai haka kuke. A gaban mutane ku ba da babba a yi muku tafi, a bayan gari ku aiko a karɓe a ba da ƙarama. Babbar gidan wa za ta? Gidan mai alƙaluman nan ko? Ga fuskarka kamar ta mutumin kirki, ashe kai ma cikinsu kake. Shekara nawa kuna rubuta sunayenmu? Tir da halinku, ku da mai hoton, ku da wanda ya aiko ku!"

Ta zage shi da Hausa, da Hausar ta ƙare ta ci gaba da harshensu. Duk takaicin da Damargu ta haɗiye tun saba'in, duk abin da ake tsoron faɗa wa gardi, ranar nan a kan Jibo aka sauke shi, don shi ne gwamnatin da ta zo kusa har ake iya nuna ta da yatsa. Yana tsaye yana cewa, "Gaskiya ne, Inna. Haka ne, Inna." Kuma har zuciyarsa ya yarda da kowace kalma.

Da ta gaji ta fizge igiyar ƙaramar, ta wurga masa ta babbar. Ta ce ya gaya wa iyayen gidansa ranar zaɓe ko a ɗaure aka kai ta ba za ta saka musu takarda ba. Ta ja, 'yar karsana ta turje tana kuka, Guntuwa na amsawa. Sai da Jibo ya naɗe igiya a hannu ya sa ƙarfi kafin ta yarda ta juya gabas.

Kwana shida ya yi kafin ya kai Tenhiya, yana tafiya da saurin mai ɗingishi. A hanya, a wata rumfar mai shayi, ya ji rediyo na cewa an raba shanu ɗari da ashirin a Damargu. Mai shayi ya dubi mai guntuwar wutsiyar da ke ɗaure a waje, ya tuntsire da dariya, ya ƙi karɓar kuɗin shayi. Hamidu ya karɓi saniyarsa, ya shafa haƙarƙarin, ya duba ƙafar, bai ce komai a kan ramar ba, don labari ya riga Jibo isowa. Ya ce, "Aboki, ka cika alkawari." Ya sa aka dama masa fura.

Da ya iso gida da hantsi, Lantana na bisa tsani tana jera harawa a kan rumfa, abincin rani da ta yi ta tarawa 'yar karsana tun tafiyarsa. Ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa, ta sauko a hankali.

"Malam, ina take?"

Ya zauna a bakin turmi ya ba ta labari duka, har zagin bai rage ba. Ta saurara ba ta katse shi ba. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"To ka gaya wa matar cewa taka ce? Ita kaɗai gare ka?"

"Ban gaya mata ba."

"Don me? Ka ba da dukiyarka, a zage ka, ladan godiya ma ka bar wa iska?"

Jibo ya ce, "Matar nan makiyayiya ce, Lantana. Da ta san ta talaka ce, ta ƙarshe, da ba ta karɓa ba."

Lantana ta goge fuska da bakin zane, ta kawo masa ruwa, ta koma kan tsani ta fara sauke harawar ɗaya bayan ɗaya.